Katakon da Aka Kwantar

Tun da aka shigo da injin nan gidanmu ban ƙara jin kukan kurciya da safe ba. Gari na wayewa ɗana zai ja igiyar gurup, janaretan nan nasa, abin ya yi tari, ya yi gurnani, sai injin yankan katako ya karɓa da wani ihu mai shiga har cikin ƴan haƙoran da suka rage mini. Wai aikin kafinta ke nan. Kafintan ma ya daina amsawa, shi yanzu minize ne, da Faransanci, zauren da kakansa ya tsufa a ciki kuma an rubuta masa atiliye, wai shagon aiki, a goshi da jan fenti. Ba na kiran sunansa, ɗan fari ne, kuma sunan surukina aka sa masa, shi ya sa nake ce masa Mai Suna. Sunan kuwa shi kaɗai ya gada.

A kusurwar zauren nan ta gabas akwai wani katakon madaci da mahaifinsa ya jingine tun ina iya ɗauko tulu daga gulbi ban huta a hanya ba. Faɗinsa ya isa ƙyauren ɗaki shi kaɗai, ba sai an yi masa haɗi ba. Nawa ne, ƙofar ɗakina za a yi da shi. Malam, mijin nawa, ya rasu bai yi ba, na zauna ina jiran ɗansa, asabari yana rataye a bakin ɗakina kamar ranar da aka kawo ni. Surukar kafinta, matar kafinta, uwar minize, amma idan akuya ta ga dama sai ta sa kai ta shigo mini har bakin gado.

Ni ƴar masunta ce, daga Tunuga aka kawo ni Gaya. Ƙarnin kifi na sani da warin jiƙaƙƙiyar koma, sai na iske gida mai ƙamshin itace. Surukina, wanda kowa ke ce wa Tsoho, ba ya fara aiki sai ya dawo daga masallaci ya sha kununsa. Daga nan za ki ji gizago, kaf, kaf, kaf, ba gaggawa, ba tsayawa. Idan kina daka sai ki ga taɓaryarki ta bi sautin ba ki sani ba. Can kuma shi da Malam su kama babban zarto, wannan ya ja, wancan ya ja, kamar numfashin mai barci. Ana aikin ana hira, ana jin sallamar baƙo, ana jin kukan jariri a ɗaki. Mai wucewa ya tsaya ya ce sannu da aiki, a amsa masa. Yau je ki ce wa Mai Suna sannu da aiki ki gani, sai ya buɗe baki yana kallon ki kamar kurma.

Kada wani ya ɗauka daɗi muke sha. Gidan da ake sassaƙa a cikinsa gida ne mai wahalar da mace. Tukunya ba ta zama a buɗe, ki manta faifai sau ɗaya ku ci miya mai garin katako. Ƙusa ta sha jinin tafin ƙafata har na daina kuka idan na taka. Zaure cike yake da maza tun safe, wannan ya zo a gyara masa ƙotar kalmen noma, wancan yana son akwatin aure, ke kuwa ba ki da hanyar fita sai ta tsakaninsu, kai a sunkuye. Da damina ƙofofin mutane su kumbura su ƙi rufuwa, masu su su zo suna mita kamar Tsoho ne ya saukar da ruwan. Ga gara, wadda ba ta barci. Kowane katako a kan dutse ake tsayar da shi, ni kuma kullum sai na share ƙarƙashi na barbaɗa toka, na duba ko ta fara ginin hanyarta a bango. Wuta kuwa kada ma a yi magana. Murhunmu can ƙarshen gida yake, kuma ƴar maƙwabta da ta zo ɗibar garwashi ba ta isa ta bi da shi ta zaure ba, sai ta zagaya ta katangar baya ko da kuka take.

Safiyar da na fara hura wuta a gidan, uwar mijina, Iya, ta kama hannuna ta kai ni bakin zaure. Ta ce, "Ƴar nan, gidan nan doka ɗaya gare shi, ki riƙe ta. Duk itacen da kika gani a jingine, ko a kan teburin aiki, na maza ne, ko tsinken sakace kada ki ɓalla a jikinsa. Duk wanda kika gani kwance a ƙasa namu ne. Ki ɗauka ki sa a wuta, ba mai tambayar ki." Na ce to, Iya, a raina ina cewa wannan ai wasan yara ne. Ashe da shi gidan yake tsaye. Maza ba sa zargin mata da satar katako, mata ba sa roƙon maza itacen girki. Idan Tsoho ya gama da guntu, ya juya shi ya ga ba abin da zai ƙara fita a ciki, sai ya sunkuya ya kwantar da shi, shi ke nan ya ba mu. Ba ya jefarwa, kwantarwa yake. Dokar kuma ba ta san babba ba. Wata Juma'a Malam yana sauri ya bar ƙafar kujera a ƙasa, ya sha wahalar feƙe ta tun safe, ya tafi masallaci. Ya dawo yana nema, Iya ta miƙa masa ƙwarya ta ce, "Sha, da ƙafar kujerarka aka dama." Tsoho ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, Malam kuwa bai ƙara barin ko tsinke a ƙasa ba.

Shiga zauren yau ki ga abin takaici. Komai a kwance, komai a zube, ana takawa ana tsallakewa, ba a san na aiki ba, ba a san na shara ba. Itacen ma ɗanye ne, kamiyo, babbar motar kaya, ke tsallako da shi ta gadar gulbi yana zubar da ruwa, a yanka yau, a buga ƙusa gobe, jibi a shafe shi da mai sheƙi a ɗora a kan kura. Sai wani katakon kanti da ake mannawa ɓawo kan ɓawo, wanda damina ɗaya ke mayar da shi kamar burodin da ya faɗa a shayi. Da shi ake yi wa amare gado mai madubi da ƴan fitilu, gadon da kafin a yi sunan fari ya fara kuka, kafin yaye an tallafe shi da bulo. Masu saye su ma daidai da masu yi. Mutum ya zo ya zaro waya ya nuna hoto, ya ce irin wannan nake so, ba zai ƙwanƙwasa ba, ba zai tambayi wane ice ne ba. Ranar da kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, gurup ba mai, sai ki ga ƙattai sun zauna sun rungume hannu suna shan shayi, gizagon Malam yana rataye a kansu ya yi tsatsa. Ƙura kuwa ta shiga ko'ina, har cikin Alƙur'anina. Matar Mai Suna, baiwar Allah, tari take tun da aka kawo ta, shanyarta ba ta taɓa bushewa fara ba. Da gas take girki, don haka ba wanda ya taɓa kama hannunta ya kai ta bakin zaure.

Na ce Malam ne ya jingine katakon nan, amma katakon ba shi ne na farko ba. Akwai wanda ya riga shi. Tun da aka sa ranar aurena Tsoho ya sa aka sauko masa da madaci a jirgi daga ɓangaren Dahome, ya ce na ƙofar amarya ne. Aka kawo ni bai gama shan iska ba, sai aka rataya mini asabari kafin nan. Nakan saci kallon sa idan zan wuce, ja wur, tsaye a kusurwa, ina jin kaina kamar wata ƴar sarki.

Sai na haifi Mai Suna a tsakiyar wata marka da tsofaffi suka ce ba su ga irinta ba. Ruwa ya kama ya ƙi saki, ba mai ƙarfi ba, irin mai nacin nan. Gulbi ya hau, hanyoyin ƙauye suka yanke, masu kawo itace a jaki suka daina zuwa. Guntayen da ke kwance muka ƙone, sassaƙe muka ƙone, har garin katako Iya ta tara ta hura. Sauran duk ya jiƙe sharkaf. Mutanen gida suka koma cin gumba, amma mai jego ba ta rayuwa da gumba. Ruwan zafi take so safe da yamma, da kunun kanwa, ni kuwa sai ruwa mai ɗumi-ɗumi, daga baya shi ma babu. Sanyi ya shige ni, ƙafafuna suka kumbura, haƙorana na haɗuwa, nono ya ƙi zuwa, yaron yana ta tsala ihu. Ta cikin asabari ina hango Iya durƙushe a madafa tana hura jiƙaƙƙen kara, idonta ya yi ja, hayaƙi kawai ke tashi. Ga busasshen itace nan cike da zaure, a jingine. Ba ta taɓa ba, ba ta kuma roƙa ba.

Da hantsi Tsoho ya shigo, ya kifa buhu a kansa, ya tsaya yana kallon ta. Sai ya juya. Can sai ga shi ya dawo yana rangaji da madacin nan a kafaɗa, tsoho da shi, Malam yana bin sa yana cewa, "Baba, wannan ai na ƙofarta ne. Ga wasu can, a ɗauki wani." Tsoho ya ce, "Wasun na mutane ne, sun ba ni amana. Wannan ne namu. Idan babu mai ɗakin, wa za a rufe wa ƙofar?" Ya shiga madafa ya sunkuya a hankali, ya kwantar da shi a gaban Iya, ya shafa shi sau ɗaya da tafin hannu, ya fita. Mutumin da tun da na zo gidan bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, don kunyar surukuta. Iya ta share fuska da bakin zanenta ta ce a miƙo mata gatari. Da wannan itacen aka yi mini wanka har ruwa ya ɗauke, da shi aka dama kunun da ya kawo nonon da Mai Suna ya sha. Ban manta zafin ruwan ba, kuma ban taɓa gode wa Tsoho da baki ba, don ba a yi.

Malam ya ce sai ya rama mini. Ya daɗe yana nema kafin ya sami madaci mai faɗin wancan, ya kawo ya jingine a kusurwar da na farko ya tsaya. Kowace kaka sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne, ya ce da saura. Da ya bushe kuma sai aikin mutane ya hana. Bari a gama ƙofar masallaci, bari a fita bikin gidan wane, bayan salla, bayan girbi. Na yi masa faɗa har na gaji. Nakan ce, "Malam, ka rufe wa rabin Gaya ɗaki, matarka tana kwana da kaji." Ya ce, "Naki ba na gaggawa ba ne, so nake in yi shi da natsuwa." Allah ya jiƙansa, shi ma ina jin haushinsa har yau, ba zan ɓoye ba. Amma da ciwo ya kwantar da shi ya sa aka zaunar da shi a zaure, ya nuna katakon da sandarsa ya ce wa ɗansa, "Wannan na uwarka ne. Da hannu za ka yi shi." Ina tsaye da ƙwaryar fura, da kunnena na ji, na kuma ji Mai Suna ya ce, "To, Baba."

To ɗin nan ita nake ci har yau. Sau nawa na tuna masa? Ya ce zai sa a ƙera mini ta ƙarfe. Na ce shago ce ni ko gidan kaso? Ya kawo mini wata ta katakon kanti mai sheƙi, na ɗaga ta da hannu ɗaya, tsohuwa da ni, na ce ya kai wa kaji. Rannan har cewa ya yi, "Inna, madaci irin wannan ai ɓarna ne a ƙofar ɗaki, yanzu ƴan gandun daji ba sa bari a sare shi, ko da kuɗinka ba ka samu." Na dube shi, na ce lallai, ɓarna ce, kakanka ma babban maɓarnaci ne.

Ana nan wani Alhaji mai kamiyoyi ya fara zarya gidanmu. Kujerun salo yake so, na ɗakin baƙi, masu hannu na jan ice na gaske, irin waɗanda ya gani a gidan wani a Kwatano. Ina jin su daga ɗaki suna ta duba waya. Wata safiya da hantsi na ji injin ya yi shiru alhali akwai kuran, abin da ba a saba ba. Na ɗauki buta na fito. Ina leƙa zaure na ga kusurwar gabas fayau, sai dutsen da farin tabo a bango. Katakona yana ƙasa, an zane shi da alli gida-gida, Mai Suna yana tsugune da metir ɗin awo a hannu, takalminsa ɗaya a kai.

Na ce, "Mai Suna, wa ya kwantar da wannan?"

Ya ce, "Ni ne, Inna. Aunawa nake."

"Ƙofar tawa ce ake aunawa ƙanana-ƙanana haka?"

Ya sosa ƙeya. "Inna, ki yi haƙuri. Aikin Alhaji ne, idan ya yi kyau duk abokansa nan za su zo. Wallahi zan yi miki wadda ta fi ta, mai makulli."

Na ce, "Da hannunka ka kwantar da shi? A ƙasa?"

Ya ce, "Tebur ne ya cika."

Na ajiye buta. Na ce, "To alhamdu lillahi, ya zama namu." Na ɗaga murya na kira matarsa. "Ƴar nan, zo ki kama mini itacen girki."

Ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa wanda tsufa ya fara taɓawa. Ya ce, "Haba Inna, wannan dokar ai ta bi Kaka kabari."

Na ce, "Ni da aka faɗa wa ina nan. Amma ban rufe maka hanya ba. Idan ƙofa za ka yi, ɗaga shi yanzu ka jingine, ka goge allin nan, ka sauko da gizagon ubanka. Ba zan ƙara cewa uffan ba."

Allah ya sani, a lokacin zuciyata roƙon sa take. Ya dubi katakon, ya dubi gizagon, har na ga kamar zai sunkuya. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya zaro ya duba, ya ɗaga mini hannu wai in dakata, ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, ai yanzu nake kansa."

Matarsa tana tsaye a bayana. Ta dubi mijinta, ta dube ni, ta yi ɗan tarin nan nata, sai ta gyara ɗaurin zane ta kama gefe ɗaya. Muka ja shi ƙiii ta tsakar gida, muna hutawa muna ja, shi yana biye da waya a kunne, ya rasa wanda zai yi wa magana. Bai isa ya riƙe hannuna ba, wannan kam ya sani. Duwatsun murhun Iya suna nan a ƙarshen gida, na gyara su, na tara sassaƙe, na cusa kan katakon a tsakani. Ban sa gatari ba. Ya daɗe bai kama ba, da ya kama kuwa sai ya ci a hankali, ja, ba tartsatsi. Tukunyar farko ruwan zafi na ɗora, na yi wanka. Ta biyu na tuƙa tuwon dawa na raba wa maƙwabta sadaka, Allah ya kai ladan ga Tsoho da Iya da Malam. Ƴar nan ta ce, "Inna, ki matsa, hayaƙi yana sa ki hawaye." Na ce ba hayaƙi ba ne, kuka nake, ƙofata ce ke ci.

Kullum da safe yanzu nakan tura shi ciki kaɗan in ɗora kununa, in na gama in yayyafa ruwa in kashe. Mai Suna dole ta nan zai bi idan zai shiga ɗakinsa, yana ganin zanen allinsa yana shiga wuta gida bayan gida. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Alhaji an ce ya kai aikinsa Malanbil, Allah ya raka taki gona ba zan ce ba, shi bai yi mini komai ba.

Jiya da la'asar aka shigo da wata ƙofar ƙarfe shuɗiya mai makulli, aka jingine ta a bangon ɗakina. Matarsa ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, ya ce in tambaye ki, a kafa miki?" Na dubi ƙofar sama da ƙasa. Na ce, "Ƴar nan, zo in gaya miki dokar gidan nan, tunda ba wanda ya gaya miki. Wannan a jingine take, ta maza ce." Na saki asabarina, na je na tura itacena a wuta.